Sauro Ya Daina Waƙa a Gangara

Masu shagon babur sun cire wa yayana birki ba tare da sun tambaye shi ba. Ya kai musu babur ɗinsa sabis lafiya ƙalau, suka jona masa kwamfuta, suka taɓa abin da suka taɓa, suka wanke shi har da goge madubi, suka miƙa masa makulli suna murmushi. Washegari da safe ya tsinci kansa a cikin tsibin yashi, ƙwai na ɗiga daga gemunsa. Abin da ya faru ke nan, kuma ba zan yi shiru ba.

Amma kafin in zo kansu, bari ku san mutumin da aka taɓa.

Yayana kafinta ne tun tasowarsa. Kantar shagona shi ya yi ta, har yau ko ƙusa ɗaya ba ta motsa ba. Mutum ne da ba a rasa sanin yana wuri, domin in hannunsa na aiki to bakinsa na fito, fiton ma ba mai daɗi ba, amma mun saba. Wata rana injin yankan katako ya ja hannunsa na dama ya tafi da yatsu uku. Ya bar masa babban yatsa da manuni, manunin ma ba ya lanƙwasuwa sosai. Ciwon ya warke, mutumin ne bai warke ba. Guduma ta gagare shi. Babur ɗinsa na fetur ma dole ya sayar, saboda birkin gaba a hannun dama yake, kuma ba shi da yatsun matsa shi.

Gidansu a can kan tudu yake, hanya ɗaya ce ke saukowa, gangara ce mai tsayi da lanƙwasa biyu. Shagona na kayan masarufi yana ƙasan gangarar daidai inda ta ƙare. Wanda ba shi da birki mai kyau ba ya wasa da wannan hanya. Sai yayana ya zama mutumin baranda. Ya zauna a kujerar da shi da kansa ya ƙera, ya ɓoye hannun a cikin aljihu, yana kallon masu wucewa. Fito ya ɗauke. Matarsa, wadda yake kira Ranki-ya-daɗe tun suna sabon aure, ni kuma nake ce mata Anti, ta taɓa ce min, "Wallahi da ina ce masa ya rufe min baki da fiton nan, yanzu ko biya zan yi in ji shi."

Maƙwabcinsu mai gonar kaji ne ya kawo maganar babur mai batir. Ya gaji da masu kai masa ƙwai shaguna, domin girgizar babur ɗin fetur tana fasa masa kaya kafin a isa. Ya ce wa yayana, "Kafinta, akwai wani babur da ba ya girgiza, kuma an ce yana taka wa kansa birki. Je ka gani, gani ai ba saye ba ne."

Ni na raka shi. Yana ta cewa ɓata lokaci ne. Mai sayarwa ya murɗa makulli, aka ji ƙas, shi ke nan. Yayana ya ce, "To tayar da shi mana." Mutumin ya ce ai a tashe yake. Yayana ya hau yana harararsa kamar an raina masa hankali, ya murza totur da tafin hannu yadda ya saba a na fetur. Babur ya zabura kamar an tsikare shi, ni na yi salati na rufe ido. Da na buɗe, sai na ga ya saki totur, babur ɗin kuma ya lafa a hankali, kamar wani ya riƙe masa riga ta baya. Ya sake murzawa, ya sake saki. Ya sake. A karo na nawa ne ban sani ba, sai na ji dariyarsa daga can ƙarshen filin. Na juya baya na yi kamar ina duba farashin hular kwano, don kada ya ga idona.

Ga yadda abin yake, kamar yadda ya yi min bayani har na haddace. In ka saki totur, injin da ke tura taya sai ya koma yana riƙe ta, ƙarfin riƙon kuma ya juye ya zama wuta ya koma cikin batir. Shi yana kiransa birkin caji. Akwai ɗan maɓalli a hannun hagu da ake zaɓar ƙarfinsa, mai sauƙi ko matsakaici ko mai ƙarfi. Yayana ya sa a mai ƙarfi ya manta da shi a can. Da wannan, da birkin ƙafa don ƙarasa tsayawa, bai ƙara neman yatsun da suka tafi ba. Ya sayar da kayan aikin kafintancinsa ya sayi babur, ya ƙera masa akwatin katako a baya daidai faɗin kiret ɗin ƙwai, ya shimfiɗa soso a ciki, ya fara kai wa maƙwabcin ƙwai shaguna. Daga ranar sunansa ya koma Mai Ƙwai.

Mai askin da ke kusa da shagona ne ya raɗa wa babur ɗin suna. Ranar farko da ya ji shi yana saukowa, ya ɗaga almakashi ya ce, "Wane irin sauro ne wannan da rana tsaka?" Sunan ya bi shi. Yayana bai ji haushi ba, har ya sa aka rubuta masa Sauro a jikin akwatin da jan fenti.

Mutane suna cewa babur mai batir ba shi da ƙara. Ƙarya ne, ba su saurara ba ne. Da aka kawar da rugugin inji sai sauran ƙananan muryoyi suka fito, yayana kuma ya san kowace kamar muryoyin 'ya'yansa. Sarƙa in ta bushe tana cas-cas, ya san mai take so. Taya a kan tsakuwa daban, a kan kwalta daban, in iska ta ragu kuma sai ta riƙa wani lafkewa da shi kaɗai ke ji. Akwatin baya in ya yi ƙiiƙ, to kiret ɗaya bai zauna daidai ba, sai ya tsaya ya gyara. Ya ce a babur ɗin fetur sai abu ya lalace kake sani, wannan kuwa tun yana tari yake gaya maka.

Babbar muryar ita ce ta gangara. Daidai bishiyar mangwaron da ke bakin tudu yake sakin totur, sai Sauro ya ɗauki waƙa, zuuu, siririya, doguwa. In ya zo lanƙwasa ta farko muryar ta yi ƙasa, in ya fita ta sake hawa. Yayana kuma ya bi ta da fito, su biyu babu mai murya. Ina ji daga shago sai in fara share masa wuri a kan kanta. Mai aski ya ce da wannan waƙa yake sanin lokacin kunna ruwan zafi. Har kyanwar shagona ta gane, domin in an samu fasasshen ƙwai nata ne, sai dai ta yi ta jira a banza, da wuya a samu.

Wurin tuƙi ma yana da labari. Batir a ƙasa yake, nauyin duk yana tsakanin ƙafafu, saboda haka in za ka tura shi da hannu sai ka yi gumi, amma da zarar ya motsa sai ya zauna daram a hanya. Babu canjin giya balle fizga. Yayana yana cewa zai iya ɗora kofin shayi a kan akwati ya sauko bai zube ba. Na ce ya gwada. Ya ce ba ya wasa da abinci. Matsalarsa ɗaya, mutane ba sa jin zuwansa a cikin lungu. Hon ɗin kuwa ya taɓa danna wa wata tsohuwa, ta watsar da kwandonta ta bi shi da zagi har bakin titi. Tun daga nan ya ciro ƙararrawar keken jikarsa ya ɗaura. Ka ga ƙaton mutum mai furfura da hular kwano yana ƙilin-ƙilin a bayanka yana cewa, "A gafarce mu, ƙwai ne."

Abin da ya fi burge shi shi ne ya iso ƙasa da wuta fiye da wadda ya taso da ita. Kullum sai ya kira ni in duba allon babur.

"Ƙanwata, zo ki ga ikon Allah. Ya ƙaru."

"Na gani jiya, Yaya."

"Na jiya daban. Wane babur kika taɓa ji yana cin gangara ya ƙoshi? Naki mijin da motarsa, in ya sauko mai yake ƙonawa."

"To ka bar mijina ya huta, ka sauke min kaya."

Sau ɗaya birkin cajin ya taɓa ba shi kunya, kuma soyayya ce ta jawo. Anti ta ga yana cire wayar caji kafin batir ya cika, ta ɗauka mantuwa ce, ta mayar masa ta bar shi ya cika fal. Ashe tulun da ya cika ba ya karɓar ruwa. In batir ya cika babu inda wutar za ta koma, sai birkin ya ƙi kamawa. Allah ya taimaka ranar ba ya ɗauke da kaya, ya lallaɓa da birkin ƙafa ya sauko yana jan takalmi a ƙasa. Da ya koma gida ya ce mata, "Ranki-ya-daɗe, Sauro ba ya aiki da ƙoshi. Irina ne, in na cika ciki sai barci." Ta rantse ba za ta ƙara taɓa wayar ba, kuma ba ta ƙara ba.

Haka muke cikin jin daɗinmu. Hannun ya fito daga aljihu, har da shi yake nuni in yana ba da labari. Shaguna suka ƙaru a jerin waɗanda yake kai wa, domin kowa ya ji labarin mai ƙwan da ba ya fasa kaya. Sai lokacin sabis ya zo.

Da ya karɓo babur ɗin ranar, hawa ya yi zuwa gida, mai hawa kuwa ba ya neman birki. Da safe ya loda kiret har saman akwati, ya zo bishiyar mangwaro, ya saki totur, ya tattara leɓe zai fara fito. Sauro ya yi wani ɗan nishi ya yi shiru, ya ci gaba da gudu. Ya danna maɓalli, babu mai ƙarfi, babu matsakaici, abu ɗaya ne kawai ya rage, mai sauƙin da ko kaza ba zai tsayar ba. Ya taka birkin ƙafa, tayar baya ta fara zamewa da nauyin kaya. Lanƙwasa ta farko na zuwa, bayanta kuma kwata ce mai zurfi. Akwai wani gida da ake ginawa a gefen hanya, an zube yashi a ƙofarsa. Yayana ya ce bai yi shawara da kowa ba, ya saita Sauro ya nufi yashin.

Ni ina shago ina jiran waƙa, ban ji ba. Sai ga mai aski ya leƙo da kumfa a hannu yana cewa, "Yau Sauro ya makara ko kunnena ne?" Muka haura da gudu, ni da zanina a hannu. Muka same shi zaune a kan yashi, magina sun kewaye shi, ƙwai tun daga hular kwano har takalmi. Ko ƙwarzane bai yi ba. Yana ganina ya ce, "Ƙanwata, kayanki sun iso, sai dai ki zo da cokali."

Na yi dariya har da hawaye. Amma da na ga ya miƙe ya karkaɗe jiki, ya mayar da hannun dama cikin aljihu, sai na daina dariyar.

Da farko Anti aka zarga. Ya shiga gida yana cewa, "Ranki-ya-daɗe, ke ce kuma?" Ta ce ya je ya duba allo. Batir bai ma kusa cika ba. Ta ɗauki mayafinta ta ce, "Tashi mu je. Ba za a ɗora min laifin wasu ba." Muka ɗora Sauro a motar ɗaukar kaya mu uku sai shagon babur.

Manajan yaro ne mai ladabi, wannan ba zan hana shi ba. Ya ba mu kujeru, ya kira ni Mama. Ya ce wasu masu babur sun kai ƙara cewa birkin mai ƙarfi yana sa tayar baya ta zame in an yi ruwa, shi ya sa kamfani ya aiko da sabon tsari, duk babur ɗin da ya zo sabis a sa masa.

Na ce, "Kun tambaye shi?"

"Mama, ai gyara ne, don lafiyarsa aka yi."

"Ka dubi gemunsa ka sake faɗin lafiya. Kun gaya masa kun canza?"

Ya ce yana cikin takardar da aka sa hannu. Anti ta kama hannun mijinta ta ɗora a kan tebur ta ce, "Ga hannun da ya sa muku. Kun kalle shi kuwa?"

Manaja ya dubi hannun. Daga baya ya ce su ba su da ikon mayar da tsohon tsari, sai daga sama. Yayana ya tambaya ko za a mayar masa da birkin gaba hannun hagu. Aka ce in bakaniken waje ya taɓa, garanti ya tashi, su kuma ba a ba su izinin yi ba. Wato garin gyaran gira an tsone ido, kuma an hana mai ido zuwa wurin magani.

Muka kama hanyar dawowa. Ina ta tunanin baranda da kujerar nan. Sai Anti ta ce, "Ba ni makullin."

"Ki yi me da shi?"

"In dafa. Yatsuna goma cif, me suke yi ban da wanke-wanke? Kaji ba za su daina ƙwai don kamfani ya aiko da tsari ba."

Ashe tun tana yarinya ta iya keke, har tana tsere da yayyenta maza. Yayana ya kai ta filin ƙwallon makaranta ya koya mata babur. Ya ce tun a zagaye na farko ta daina jin maganarsa.

Yanzu in kun zo gangararmu da safe za ku ga abin kallo. Anti a gaba, hular kwano a kan ɗankwali, ta miƙe wuya kamar direban jirgi. Yayana a tsakiya, matse tsakaninta da akwatin ƙwai, yana ba da umarnin da babu mai bi.

"Saki totur, ga mangwaro! Matsa na gaba a hankali, a hankali na ce!"

"Malam, fasinja ba ya tuƙi."

"Ranki-ya-daɗe, ramin nan!"

"Na gan shi tun kana fito."

Domin fiton bai ɗauke ba wannan karon. Da yake Sauro ya daina waƙa, yayana ne ke yi masa, zuuu, daga mangwaro har ƙofar shagona, yana sauke murya a lanƙwasa yana ɗagawa in an fita. Mai aski ya ce na da ya fi daɗi, amma wannan ya fi ƙarfi. Ƙwai suna isowa, sai dai kyanwata ta fara ƙiba, domin birkin hannu yana fizga, kuma Anti ba ta san a hankali ba. Matan layinmu sun fara tsayar da ita suna tambayar ko da wuya. Tana ce musu, "Wuyar ɗaya ce, mai surutun da ke baya." Jiya ma na gan ta ita kaɗai ta dawo daga kasuwa, tana kaɗa ƙararrawa, shi kuma yana tsaye a ƙofar shagona yana cewa ai aron minti kaɗan ta ce.

Yana dariya, kuma dariyar gaske ce, yana alfahari da ita har yana gaya wa mutane shi ya koya mata. Amma ni ƙanwarsa ce. Na ga yadda in sun tsaya yake miƙa hannun ya shafa totur kafin ya sauka. Mutumin nan ya sayar da kayan sana'arsa ne don ya riƙe kan babur da hannunsa, ba don a goya shi ba.

Saboda haka ku masu shago, da ku na saman da ba a ganinku, ga abin da nake nema. Ku mayar da maɓallin nan yadda yake, mai son sauƙi ya zaɓi sauƙi, mai son ƙarfi ya zaɓi ƙarfi. In kun ce ba zai yiwu ba, to ku da kanku ku mayar masa da birkin gaba hannun hagu, garantinsa kuma ya zauna. Daga yau kuma duk wanda ya kawo muku babur, ku buɗe baki ku gaya masa abin da za ku canza, ku kalli hannunsa da ƙafarsa da hanyar gidansa kafin ku taɓa masa birki. Babur ɗin nasa ne, ya biya, ba aro kuka ba shi ba.

Kuma ku hanzarta. Anti ta fara tambayar tela ko zai ɗinka mata rigar ruwa daidai jikinta, ta kuma ce jan fentin da aka rubuta Sauro bai yi mata ba. In kuka ƙara jinkiri, ko kun dawo da birkin, yayana ba zai samu makullin ba.